Makulli da Memori: Fafutukar Linux a Cikin Nanosakan 67

A watan Afrilun 1999 wani kamfanin gwaje-gwaje na Amurka mai suna Mindcraft ya fitar da sakamakon da ya tayar da ƙura. Ya ɗora Windows NT da Linux a kan saba iri ɗaya mai firosesa huɗu da katin sadarwa huɗu, sannan ya bayyana cewa Windows ta yi wa Linux fintinkau wajen raba fayiloli da shafukan intanet. Masoya Linux suka yi ca, musamman da ta fito fili cewa Microsoft ce ta biya kuɗin gwajin, kuma ba a saita Linux yadda ya kamata ba. A watan Yuni aka sake gwajin a ɗakin gwaji na mujallar PC Week, wannan karon injiniyoyin Red Hat suna tsaye a wurin. Tazarar ta ragu, amma Windows ta sake yin gaba. Daga nan babu sauran musu: akwai ciwo a cikin Linux, kuma yana cikin ɓangaren sadarwa na kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke shiga tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Firosesa ɗaya tak ke iya aikin karɓar fakitocin bayanai a lokaci guda, sauran ukun suna jiranta.

Wannan kanel ɗin shi ne yau ke cikin kowace wayar Android, shi ne kuma ke tafiyar da mafi yawan sabobin da ke riƙe da intanet. Aikin warkar da ciwon da aka gano a 1999 bai ƙare ba har yanzu, kuma duk wanda ya bi sawunsa zai ga cewa matsaloli biyun da ake yawan ambata daban-daban, rububin makulli da ƙuncin memori, igiya ɗaya ce mai baki biyu. Sau da yawa in aka ja wannan bakin, wancan ne ke ɗaurewa.

Makulli a nan 'yar alama ce a cikin memori. Idan ƙwayoyin firosesa biyu, wato sassanta masu aiki kowanne da kansa, suna son taɓa abu ɗaya, misali layin fakitocin da ke jiran fita, dole ɗaya ta riƙe alamar ta gama kafin ɗayar ta shiga, in ba haka ba su rubuta a kan juna su lalata layin. A ɓangaren sadarwa, galibi ƙwayar da ta tarar da makulli a hannun wata ba ta tafiya wani aiki. Tana nan tana kewaya wuri ɗaya, tana dubawa ko an saki. Lokacin nan ya tafi a banza.

Amma jiran ba shi ne dukan hasarar ba, kuma nan ne masu kallo daga waje suka fi kuskure. Kowace ƙwaya tana da 'yar ma'ajiyarta ta kusa mai saurin gaske, inda take ajiye kwafin abin da take aiki da shi, a yanka-yanka na bayit 64. Kafin ƙwaya ta rubuta ko da lamba ɗaya a cikin yanki, sai ta ƙwato yankin daga hannun duk wata ƙwaya da ke da kwafinsa. Kamar shago ne mai yara ashirin da littafin ciniki ɗaya: ko babu wanda ke faɗa da wani, kowane ciniki sai an miƙo littafin daga wancan lungu zuwa wannan, har miƙe-miƙen ya fi rubutun cin lokaci. Saboda haka ko makullin da babu kowa a kansa yana da tsada, muddin ƙwayoyi da yawa ne ke taɓa shi bi da bi. Haka ma lambar ƙidaya guda ɗaya da kowa ke ƙara wa ɗaya.

Jesper Dangaard Brouer na kamfanin Red Hat ya zayyana lissafin a wani taron Linux a farkon 2015. A layin Ethernet mai gudun gigabit 10, fakiti mafi ƙanƙanta bayit 64 ne, da ƙarin bayit 20 na share fage da tazara. Wato fakiti miliyan 14.88 na iya isowa a cikin daƙiƙa ɗaya, kowanne yana da nanosakan 67.2 kafin na bayansa ya iso. A firosesa mai gudun gigahaz 3, wannan kusan bugu 200 ne kawai. A na'urar da ya auna, neman abu a rasa shi a ma'ajiyar kusa yana cin kusan nanosakan 32, kama makulli da sakinsa kuma kusan 16. Rashi biyu kawai sun cinye kusan dukan kason fakitin. A layin gigabit 100 kason ya koma nanosakan 6.72, wanda ko makulli ɗaya bai isa kamawa ba.

Matakan farko an ɗauke su da sauri. Linux 2.0 na 1996 ya fara aiki da firosesa fiye da ɗaya ta hanyar kafa babban makulli guda a ƙofar kanel gaba ɗaya. Alexey Kuznetsov da David Miller suka sake ginin ɓangaren sadarwa yadda kowace firosesa za ta yi aikin fakitocinta, aikin da ya fito a Linux 2.4 a 2001. Sai tsarin NAPI, na Jamal Hadi Salim da Robert Olsson da Kuznetsov, wanda ya hana katin sadarwa katse firosesa a kan kowane fakiti: in ruwan fakitoci ya tsananta, kanel ya rufe ƙararrawar ya riƙa kwasowa da kansa, da yawa a tafi ɗaya. Shi kuwa babban makullin, sai a 2011, a Linux 2.6.39, aka tumɓuke sauran saiwarsa.

Dabarar da ta fi kowacce sauya fasalin aikin ita ce RCU, wadda Paul McKenney ya faro tun yana kamfanin Sequent, ta shiga Linux a watan Oktoban 2002. Ta ginu ne a kan lura da cewa yawancin bayanan sadarwa karanta su ake yi, ba a cika sauya su ba. Jadawalin hanyoyi, wanda ke faɗa wa fakiti inda zai bi, ana iya duba shi sau miliyoyi kafin a sauya layi ɗaya a cikinsa. Don me mai karatu zai kama makulli? A ƙarƙashin RCU ba ya kama komai, ba ya rubuta komai a wurin da ake tarayya. Mai sauyi ne ke ɗaukar wahalar: ya yi sabon kwafi, ya gyara shi, ya juya manuni zuwa gare shi a bugu ɗaya, sannan ya jira har duk ƙwayar da ta fara karanta tsohon ta gama, kafin ya goge shi.

A wannan jiran ne bakin igiya na biyu ya fara bayyana. Tsohon kwafi yana zaune a memori har wa'adin ya cika, kuma in sauye-sauye suka yi yawa, tsofaffin da ke jiran gogewa sai su taru. An sayi saurin masu karatu da memori. Haka abin yake ga ɗaya babbar dabarar, ta bai wa kowace ƙwaya nata kason: lambar ƙidayarta, layinta, 'yar ajiyarta. A na'ura mai ƙwaya huɗu babu wanda zai lura. A mai ƙwaya 256, kowane abu an ninka shi sau 256.

Duk da haka rabon shi ne ya ci kasuwa, kuma da hujja. Katunan sadarwa suka fara zuwa da layuka da yawa, suna duba adireshi da lambar ƙofar kowane fakiti su jefa duk fakitocin hira ɗaya a layi ɗaya, ƙwaya ɗaya. Tom Herbert na Google ya kawo kwatankwacin wannan ta manhaja a 2010, a Linux 2.6.35, domin katunan da ba su da layuka da yawa. A 2013 ya kawo SO_REUSEPORT a Linux 3.9, wanda ya bar manhajoji da yawa su saurari ƙofa ɗaya, kowacce da soket nata, wato kafar da manhaja ke aika bayanai da karɓarsu, maimakon su yi wasoso a kan ɗaya.

Soket mai sauraro ya daɗe yana ba da ciwon kai. Duk sabuwar hira ta TCP, ƙa'idar da na'urori ke bi wajen musayar bayanai, tana farawa da fakitin neman izini da ake kira SYN, kuma kowane irin wannan fakiti sai ya kama makullin soket ɗin da ke sauraro. Maharan intanet sun san wannan ƙofar tun 1996, lokacin da aka durƙusar da kamfanin Panix na birnin New York da ambaliyar SYN na ƙarya. Daniel Bernstein da Eric Schenk sun samar da maganin ɓangaren memori tun a lokacin, ta yadda saba ba za ta ajiye komai ba sai mai neman ya dawo da amsa ta gaskiya. Amma makullin ya ci gaba da zama maƙogwaro: ko ƙwaya nawa na'ura ke da su, ambaliyar ta wuri ɗaya take bi. Eric Dumazet na Google, wanda sunansa ke fitowa a kusan kowane babi na wannan tarihi, ya ɓata dogon lokaci yana share fage kafin ya cire shi a Linux 4.4, farkon 2016. Ya ba da rahoton cewa sabar gwajinsa ta sarrafa SYN miliyan 3.5 a daƙiƙa a kan soket ɗaya, da sauran ƙarfi a ajiye.

Wannan nasarar tana iya sa mutum ya ɗauka cewa duk makulli abin cirewa ne. Labarin layin fita ya nuna ba haka ba ne. Kafin fakiti ya isa katin sadarwa yana bi ta wani layi mai tsara wanda zai riga wani, kuma layin yana da makulli guda. A 2010 Dumazet ya rage rububin wurin ta hanyar da ta saɓa wa zato: ya ƙara makulli na biyu a waje. Masu kawo sababbin fakitoci su yi jiransu a can, don ƙwayar da ke kwashe layin ta samu babban makullin ba tare da ta yi kokawa da kowa ba. A 2018, a Linux 4.16, aikin John Fastabend ya kawo layin fita mara makulli. An samu sauri, amma ba da jimawa ba aka ga fakitoci suna tsallake juna, har sai da aka mayar da wani ƙaramin makulli a ciki. Daga baya aka gano abin da ya fi muni: wani lokaci fakiti yana maƙalewa a layi, kowace ƙwaya tana zaton wata za ta fitar da shi, ya zauna har wani fakitin ya zo ya tunkuɗa shi. Sai a 2021 Yunsheng Lin na Huawei ya toshe wannan ramin. Makulli yana ba da tabbacin tsari da jeri kyauta, kuma wanda ya cire shi dole ya sake gina tabbacin da hannunsa, a wurin da kuskuren ke bayyana sau ɗaya cikin miliyoyi kuma ba ya maimaituwa a ɗakin gwaji.

A ɓangaren memori, abin da ake fara koya shi ne fakiti ya fi girmansa nauyi. Kowanne yana tafe da takardar bayaninsa, sk_buff, mai bayit fiye da 200, sannan direban kati, wato manhajar da ke sarrafa shi, yakan ware masa fili na bayit 2048 ko da abin da ya kawo bayit 64 ne. Shi ya sa kanel ke ƙidaya ainihin filin da fakiti ya mamaye, ba abin da ke cikinsa ba. Ga TCP akwai ma'auni uku da ake kira tcp_mem, waɗanda kanel ke lissafawa daga girman memorin na'ura tun lokacin tashi. Ƙasa da na farko babu takura. Da an haura na biyu sai a shiga halin ƙunci, a daina faɗaɗa wa soket fili, har sai an sauko ƙasa da na farko. Na uku shi ne bango.

Matsalar ita ce TCP ya riga ya yi alkawari. Mai karɓa yana faɗa wa mai aikowa adadin bayit da zai iya ɗauka, a lissafin abin da ke cikin fakiti. In mai aikowa ya cika alkawarin da ƙananan fakitoci, memorin da aka ci zai ninka abin da aka yi tsammani. A nan kanel ke shiga tattara layin: ya kwafe ƙananan fakitoci cikin manya don ya 'yanta filin da ke zaune banza. Aikin kwafi ne mai cin lokaci, kuma ana yin sa ne a daidai hanyar da sauran fakitocin wannan ƙwayar za su bi. A 2015 injiniyoyin Cloudflare suka bi diddigin wani jinkiri na gomman milisakan da ke faɗo wa sabobinsu jefi-jefi, suka tarar wannan tattarawar ce. Sun ba soket fili mai faɗi, don haka in lokacin tattarawa ya zo, tarin yana da yawa. Maganin da suka yi a lokacin shi ne rage filin. A 2018 Juha-Matti Tilli na Jami'ar Aalto ta ƙasar Finland ya nuna cewa mahari na iya jawo wannan da gangan: 'yan dubban ƙananan fakitoci a daƙiƙa, an aiko su a hargitse, sun isa su cinye ƙwaya guda tana ta tattarawa da sharewa. An sa wa ramin suna SegmentSmack. Matakin da aka gina don kare memori ya zama hanyar ƙone firosesa.

Akwai kuma inda bakunan igiyar biyu suka haɗu ƙarara. Don kanel ya san ko an haura ma'auni, dole ya riƙe jimillar memorin da TCP ya ci, kuma jimillar lamba ɗaya ce da kowace ƙwaya ke ƙara wa da ragewa. Awon ƙuncin memori da kansa ya zama wurin rububi. A da, kowane soket yakan karɓi ɗan rara ya ajiye don kada ya riƙa taɓa jimillar kullum, amma a saba mai soket miliyan, rarar da ke kwance a hannunsu ta zama dukiya mai yawa. A 2022 Dumazet ya juya tsarin: aka ƙwace rarar daga hannun soket, aka bai wa kowace ƙwaya damar tara lissafinta har kusan megabayit 1 kafin ta kai rahoto. Jimillar ta daina zama daidai cif, tana iya kaucewa da har kusan megabayit 1 a kan kowace ƙwaya. An amince da hakan da saninsa, domin a na'ura mai ɗaruruwan gigabayit wannan kaucewar ba ta cutar da kowa, yayin da neman daidaito na kowane bugu yake cutarwa.

Sauran gyare-gyaren shekarun nan duk wannan hanya suka bi. Tsarin page_pool na 2018 yana bai wa kowane layin karɓa nasa shafukan memori da yake juyawa, maimakon komawa wurin babban mai rabo a kan kowane fakiti. A 2022 aka sa ƙwayar da ta ware fili ita ce za ta 'yanta shi, ko da wata ce ta karanta fakitin. XDP, wanda ya shigo a 2016, yana yanke hukunci a kan fakiti tun a bakin direba, kafin a yi masa sk_buff. Facebook ta gina Katran, mai raba mata zirga-zirga tsakanin sabobi, a kansa. Wanda ya fi ƙayatarwa shi ne aikin Coco Li ta Google da ya shiga Linux 6.8 a 2024. Ba ta cire makulli ba, ba ta sauya dabara ba. Ta sake jera guraben da ke cikin manyan takardun bayanan sadarwa ne kawai, waɗanda ake karantawa tare su zauna a yanki ɗaya na bayit 64, waɗanda ake rubutawa su ware daban. A sabobin AMD masu hira da yawa lokaci guda, an auna ƙarin sauri har kashi 40 cikin 100.

Akwai masu ganin duk wannan wahala ce da ba ta zama dole ba. Tun 2006 Van Jacobson, ɗaya daga cikin magabatan TCP, ya ba da shawarar a miƙa fakiti kai tsaye ga manhajar da ke jiransa ta wata siririyar hanya mara makulli. Shawarar ba ta shiga kanel yadda ya tsara ta ba, amma DPDK na Intel da netmap na Luigi Rizzo sun bi wannan tunanin: a kauce wa kanel, manhaja ta riƙe katin da kanta. Suna da sauri, babu shakka, kuma kamfanonin sadarwa suna amfani da su. Sai dai wanda ya kauce wa kanel ya bar katangar tsaro, da jadawalin hanyoyi, da TCP ɗin da aka shafe shekaru talatin ana gogewa, kuma yakan keɓe ƙwayoyi sukutum suna kewayawa ko fakiti ya zo ko bai zo ba. Wannan ciniki ne da ya dace da 'yan ƙalilan. Gyaran da aka yi a cikin kanel kuwa, kamar sake jerin da Coco Li ta yi, yana isa ga kowace saba da aka sabunta ba tare da mai ita ya sauya layi ɗaya a manhajarsa ba, kuma wannan ya sa aikin haƙurin ya fi amfani ga jama'a.

Babban abin da ya rage shi ne RTNL, makulli guda da ke tsare duk wani sauyin saiti: ƙirƙirar katin sadarwa na manhaja, sa adireshi, sauya hanya. A zamanin da saba ke da kati biyu da ake saitawa sau ɗaya, bai dami kowa ba. Yanzu saba ɗaya tana ɗauke da ɗaruruwan kwantenoni, wato keɓaɓɓun gidajen manhajoji, kowacce da keɓaɓɓiyar duniyar sadarwarta, suna tashi suna mutuwa a kowane minti, kuma dukansu wannan makullin suke jira. Kwantena ɗaya da ke rushewa a hankali tana iya tsayar da tashin sauran. A 2024 Dumazet ya mayar da hanyoyin karanta saiti da dama zuwa RCU don su daina kama shi. Kuniyuki Iwashima ya fara raba shi gida-gida, kowace duniyar sadarwa da nata, kuma harsashin aikin ya shiga Linux 6.13 a watan Janairun 2025, a ƙarƙashin zaɓin gwaji. Wahalar ita ce shekara da shekaru direbobi da sassa masu ɗimbin yawa sun dogara da shi ba tare da sun rubuta abin da yake kare musu ba, don haka kowane wuri sai an karanta an gano me yake tsarewa kafin a taɓa shi.